Ku Bar Mana Bencin Rakiya

Zuwa ga Madam Shugabar kwamitin da ke tsara sabon layin tiram, wato jirgin ƙasa na cikin gari, na unguwarmu, a kudancin Lyon.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da iyalinki da duk ma'aikatan da ke ƙarƙashinki. Yaya aiki, yaya gajiya, yaya fama da jama'a irinmu? Allah ya taimaka, ya ƙara haƙuri.

Sunana Balkisa. 'Yar Damagaram ce ni, ta ƙasar Nijar. Karatu ya kawo ni Faransa, aiki ya zaunar da ni. Yanzu ina ɗakin gwaje-gwaje na wata masana'anta a Saint-Fons, nan gefen Lyon, ina kuma zaune a unguwar da tiram ɗinku zai ratsa. Kin taɓa ganina sau ɗaya. Ni ce matar nan mai jan ɗankwali da ta ɗaga hannu a taron da kuka kira don jin ra'ayin jama'a, aka miƙa mata makirufo, maganarta ta yi ta sarƙewa. Ba tsoro ba ne, ranki ya daɗe, haushi ne, kuma Faransancina yakan yi mini gardama idan raina ya ɓaci. Shi ya sa yau na zauna na rubuta da Hausa, wadda ba ta taɓa yi mini gardama ba. Fassarar Faransanci tana biye, da hannuna na yi ta. Amma na so mutanen da maganar ta shafa su fara jin ta da harshensu kafin ta iso teburinki.

Magana ce a kan benci. Benci ɗaya na katako, mai wurin jingina baya, wanda ya shekara da shekaru a tsohuwar tashar bas ta bakin layinmu, aka tumɓuke shi ranar da aka fara haƙa. Saboda rashin wannan benci, kawuna Alhaji Isufu, tsohon da ƙofarsa ba ta taɓa rufuwa ran Lahadi ba tun kafin a haife ni, ya daina karɓar baƙi. Idan tsarin da kuka nuna mana ya tabbata yadda yake, ba zai sake buɗe ta ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Kafin in shiga kuka, bari in ba ku haƙƙinku. Muna son tiram ɗin nan. Duk wanda ya taɓa tsayuwa da asuba cikin sanyi yana jiran bas ɗin da zai kai shi aiki ya san darajarsa. Ranar da aka kafa allon da ke nuna hanyar da zai bi, na ga tsofaffinmu sun taru a gabansa suna bin layin da yatsa, kowa yana neman saitin ƙofar gidansa. Kawu ya gyara hula ya ce, “Ashe dai an san muna nan.” Ni ma na ji daɗi har cikin raina. Saboda haka kada a sa ni cikin masu ƙin ci gaba. Ƙura da ƙarar injuna da zagaye-zagayen hanya duk mun haƙura da su, ba wanda ya ce uffan.

Na ɗaya, abin da muke yi a tashar nan.

A wurinmu baƙo ba ya fita shi kaɗai. Idan ya ci, ya sha, ya ce zai koma, mai gida yakan sa takalmi ya taka masa. Wannan shi muke kira rakiya. A gida akan raka mutum har inda zai hau mota, a nan kuwa inda ake hawa mota ita ce tashar bas. Kuma ba a juyawa da zarar an isa. Sai an tsaya motar ta zo, baƙo ya shiga, ƙofa ta rufe, an ɗaga masa hannu, an ce ya gaida gida, sannan a juyo. Wanda ya tsaya a bakin ƙofarsa ya ce wa baƙo sai an jima, ya maida ƙyaure, to ya gaya masa ke nan cewa zuwansa bai yi daɗi ba. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, amma ƙaramin yaro ma ya san shi. Ni ina alfahari da wannan ɗabi'a tamu, kuma ban ga ranar da zan ji kunyarta ba.

Kawu Isufu ya zo wannan kwari na kudancin Lyon yana saurayi, ya yi aiki a masana'antun Saint-Fons har kansa ya yi fari, gwiwarsa ta dama kuma a can ta tafi. Tun da ya samu ɗaki na kansa, shi da matarsa Hajiya Mariama suka mai da Lahadi ranar baƙi. Ɗaliban Nijar da ke jami'o'in Lyon, 'yan Cadi, 'yan arewacin Kamaru, duk wanda yake jin Hausa kuma cikinsa ke kewar gida, ya san hanyar gidan. Hajiya ta turara dambu da zogale, ta dama fura, falo ya cika har bakin kicin. Idan la'asar ta yi sanyi sai a fara tashi, kashi-kashi. Kashin farko Kawu da kansa zai ɗauki sanda ya raka su. Don kada ya yi ta kai da kawo da wannan gwiwa, da ya isa tasha sai ya zauna a benci, mu 'yan gida mu riƙa rako sauran muna iske shi can. Ba wanda zai hau bas bai biya ta gabansa ba, ba kuma wanda zai tafi bai samu addu'a ba.

Akwai kuma abin da ba a gani daga tsallaken hanya. Maganar da ta kawo baƙo ba a falo ake yin ta ba. A falo akwai idon jama'a, sai gaisuwa da raha da gardamar ƙwallo. Sai an fito, an ragu, an zauna kafaɗa da kafaɗa ana kallon hanya, ba mai kallon idon wani, sannan saurayi zai ce ya faɗi jarrabawa bai gaya wa gida ba, ko takardun zamansa sun kusa ƙarewa, ko ya ga yarinya yana so a shige masa gaba. Ni kaina a kan bencin nan na gaya wa Kawu cewa zan ajiye karatun digiri na ƙarshe in kama aiki, abin da na kasa gaya wa mahaifina a waya. Bas ya zo, na yunƙura, ya ce, “Zauna, wani na tafe.” Wani ya zo, shi ma muka bar shi ya wuce. Bai hana ni ba, bai kuma zuga ni ba, tambaya kawai ya yi ta yi har na ji abin da nake so da bakina. Daga ƙarshe ya ce, “Ni zan kira babanki. Ke dai ki riƙe aikin da kyau.” Na shiga bas ina share hawaye, shi kuwa yana waje yana ɗaga mini sanda.

Direbobin layin sun san wannan, ki tambaye su. Akwai wanda in ya iso ya ga Kawu ya girgiza kai, ba ya ma buɗe ƙofa, sai ya ɗaga masa hannu ya wuce.

Na biyu, abin da ma'aikatanki suka rubuta.

Lokacin zafi na bara kun turo matasa biyu, namiji da mace, sanye da riguna masu ƙyalli, su ƙirga masu hawa da masu sauka. Yara ne masu ladabi, ba ni da abin cewa a kansu. Sun tsaya a tsallaken hanya suna danna na'urarsu, Lahadi bayan Lahadi. Kawu ya gan su cikin rana, ya ce ba a barin ɗan mutum tsaye haka, ya aika musu da shayi da dabino, ran nan har da dambu a roba. Sun ci, sun yi godiya, yarinyar har ta tambayi sunan ganyen. Abin da ba su tambaya ba shi ne: Baba, me kuke yi a nan?

Amsar da suka ba kansu na gan ta a bangon ɗakin taronku, an buga ta da manyan baƙaƙe a ƙarƙashin hoton tasharmu. An ce wuri ne da mutane ke taruwa su daɗe ba da niyyar hawa ba, suna tare wa fasinja hanya, kuma sabon tsari zai magance matsalar. An dusashe fuskokin da ke cikin hoton, na yarda, amma ba a dusashe hula da sanda ba. Duk wanda ke unguwar ya san ko wane ne. A taƙaice, ranki ya daɗe, kwamitinki ya rubuta kawuna cikin masu zaman banza, ya kuma manna shi a bango.

Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana shaƙar hayaƙin kwarin nan. Mutumin da bai taɓa makara wurin aiki ba, bai taɓa ganin cikin ofishin 'yan sanda ba, ya yi wa 'ya'yansa tarbiyya har yau ɗaya tana jinyar marasa lafiyarku a asibiti. Daga cikin waɗanda suka zauna da shi a kan bencin nan akwai likita, akwai malaman jami'a, akwai injiniyan da yanzu yake gina gadoji a gida.  Na daɗe ina juya maganar hoton kafin in gaya masa. Da na gaya masa, dariya ya yi har da tari, ya ce, “To ai kuwa sun sha shayin mai zaman banza.” Shi ya iya dariya, ni ban iya ba.

Maganin da kuka samo kuwa shi ne dandamali siriri a sabuwar tashar tiram, babu benci, sai wani ƙarfe da aka karkata wai a jingina mazaunai a kai. Ɗan filin da bencin yake za a zagaye shi da shinge a shuka furanni. Na je wata tasha a cikin gari na gwada irin ƙarfen nan. Mai lafiyayyun ƙafafu zai iya, na ɗan lokaci. Wanda ya zana shi bai taɓa ciwon gwiwa ba, Allah kuma ya ci gaba da kiyaye shi.

Na uku, abin da ya faru bayan an cire bencin.

Da aka fara aiki, an ɗauke tashar bas an kai ta can bayan shataletale, tasha ta wucin gadi: sanda ɗaya da allo, ba rumfa, ba wurin zama. Lahadin farko muka ce wa Kawu ya huta, mu za mu yi rakiyar. Ya dube mu kamar mun zage shi. Ya ɗauki sandarsa ya bi wasu ɗalibai uku 'yan Maraɗi, a hankali, yana tsayawa yana leƙa ramin 'yan aiki kamar mai duba ingancin aiki, alhali numfashi yake mayarwa. Ya kai. Amma da ya kai, ƙafar ta ce ta gama nata. Ya duba dama da hagu babu inda zai sa jiki, sai ya sulale ya zauna a kan wani bulon siminti, da babbar rigarsa ta Lahadi, ƙafafunsa cikin laka. Bas ya zo. Cikin samarin nan ba wanda ya iya shiga ya bar shi a haka. Suka bar bas ɗin ya tafi, biyu suka riƙe shi ta hammata, ɗaya ya ɗauki sanda da hula, suka maido shi gida.

A wurinki wataƙila wannan labari ne mai daɗin ji, matasa sun taimaki tsoho. Haka ne, Allah ya yi musu albarka. Amma a wurinsa duniya ce ta juye: baƙo ya rako mai gida. Da suka ajiye shi a kujera suka yi sallama, sai ya yunƙura zai sake tashi, wai ai ba a raka su ba. Hajiya ce ta tare ƙofa ta ce, “Alhaji, in ka fita su sake dawo da kai, haka za ku yini kuna yi?” Samarin suka yi dariya don su sauƙaƙa abin. Shi bai yi ba.

Da Asabar ta zagayo, Hajiya ta sauko da madambaci za ta fara shiri, ya ce ta mayar. Ya ce, “Ba zan tara 'ya'yan mutane su ci su fita kamar daga gidan sayar da abinci ba. A ba su haƙuri, sai an gama aiki.” Tun daga ranar ƙofar take rufe. Ran Lahadi yakan yi wanka, ya sa riga, ya zauna a bakin taga. Hajiya ta ce cin abincinsa ya ragu, magana ma sai an ja shi. Ɗalibai suna kirana suna tambayar ko lafiya, wani ma ya ce yana da maganar da yake so ya yi da Baba, amma ba ta waya ba ce, ba kuma ta falo ba. 

Na yi nawa ƙoƙarin. Na sayo masa kujera mai naɗewa, marar nauyi, na ce zan riƙa ɗaukar masa. Ya juya ta, ya yaba ƙirarta, ya ce in kai wa masu kamun kifi a bakin kogi. Ya ce shi ba zai ratsa unguwa ana bin sa da kujera ba kamar wanda aka kora daga gida. Gari ne ya ajiye benci, gari ya ɗauke, gari zai maido. Taurin kai ne, na sani, a jininmu yake. Amma da na zauna na yi tunani, ban ga inda ya yi kuskure ba. Shi yana nan yana jiran a gama aiki bencinsa ya dawo. Maganar hoton na iya gaya masa, maganar ƙarfen jingina ce ta ƙi fita daga bakina.

Kada ki ɗauka mu mutane ne da ba su gane ƙa'ida. Lokacin da na fara zuwa ƙasar nan a Paris na sauka, wurin wata baiwar Allah 'yar Cadi, Hajiya Falmata, mai shagon atamfa a unguwar Château Rouge. A can metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, yana da ƙofofin ƙarfe, sai mai tike yake wucewa. Duk ranar da na je gaishe ta, takan bar shagon a hannun maƙwabciya, ta rako ni har bakin ƙofar ƙarfen, mu yi sallama a nan. Ba ta taɓa cewa a cire mata ƙofar ba. Ranar da zan taso Lyon gaba ɗaya kuwa, da muka isa wurin, sai na ga ta zaro tike daga bakin zane ta zura, ta wuce tare da ni. Na ce, “Hajiya, ina za ki?” Ta ce, “Ba inda za ni. Yau ba ranar sallama ta bayan ƙarfe ba ce.” Ta sauka da ni har ƙasa, ta tsaya har jirgin ya zo, ta dafa kaina, sannan ta hau matakala ta koma shagonta. Ba ta tsallake ƙofa ba, ba ta roƙi kowa alfarma ba. Ta kiyaye dokarku, ta kuma kiyaye tamu. Metiron Paris an haƙa shi tun kafin a san za mu zo, ba mu da bakin magana a kansa. Amma wannan tiram yanzu ake zana shi, muna nan zaune, a ƙofar gidanmu.

Na huɗu, maganar al'ada.

Da na gama magana a taron, kin amsa mini cikin ladabi, ban manta ba. Kin ce kwamiti bai mance da cewa unguwar ta tara mutane iri-iri ba, shi ya sa za a ƙawata gilashin rumfar tashar da zane-zanen Afirka. Aka kuma raba mana 'yan takardu masu manne mu liƙa a kan zanen da muka fi so. Na duba su. Suna da kyau, ban ƙi ba, ko da yake ban gane na wace ƙasa ba ne, kuma da na tambayi wanda ke tsaye a wurin shi ma bai sani ba. In zane ake so, muna da shi har da na kyauta. Ki je ki ga bangon tsofaffin gidajen Birni a Damagaram, ki ga aikin dukawanmu a kan fata, ki ga ɗinkin hular da ke kan kawuna a cikin hoton naku. Ranar da jikokinsa za su tsaya a tasha su ga zanen garin kakansu a gilashi, ni ce zan fara ɗaukar hoto in aika gida. Amma ki duba abin da kuka shirya: za ku liƙa al'adarmu a jikin rumfa, ku kuma tsara rumfar yadda masu al'adar ba za su iya zama a ƙarƙashinta ba. Na mayar da 'yar takardata ban liƙa ba.

Za ki ce mutanenmu ba su zo taron ba. Gaskiya ne, ba mu fi a ƙirga mu da yatsun hannu ba. Kun jefa takardar gayyata a akwatunan wasiƙa, ta shige tsakanin tallan kantuna, kun kuma sa a intanet. Mu kuwa gayyata a wurinmu ƙafa ce take kai ta. Tsoho irin Kawu, ko ya ga takardar, zai ɗauka sanarwa ce, ba da shi ake ba. Da mutum ɗaya daga ofishinki ya tako ya yi sallama ya ce, “Baba, muna so mu ji ta bakinka,” da ɗakin taron nan bai ɗauke mu ba, da kuma an kawo muku abinci.

Ba mu ce mu ne 'yan asalin wurin nan ba. Mun san akwai waɗanda kakanninsu suke kwance a maƙabartar garin, su ma a tambaye su, kafin mu ma in an so. Bencin kansa ba namu ba ne mu kaɗai. Maƙwabciyarmu Madam Odil, tsohuwa Bafaranshiya da aka haifa a layin nan, a kansa take hutawa in ta dawo daga kasuwa da kekenta na cefane. Ta daɗe tana kallonmu, har ran nan muka ga ta fito da 'yarta da ta kawo mata ziyara, ta rako ta tasha, ta zauna kusa da Kawu, ta ce ita ma ta gaji da yin sallama ta taga. Kawu ya yi mako yana ba da wannan labari. Abin da muka zo da shi daga gida ke nan, ranki ya daɗe, bai tare wa kowa hanya ba, har ma an fara aronsa.

Ga abin da nake roƙo.

Da farko, a cire kalmomin nan daga rahotonku, a sauke hoton daga bango. In dole sai an rubuta wani abu a ƙarƙashin tasharmu, a rubuta gaskiya: wuri ne da mazauna unguwa suke rako baƙinsu.

Na biyu, a kawo benci tashar wucin gadi yanzu, ba sai an gama aiki ba. Tsohon ma ya isa, in yana nan a wani sito. Tsoho ba ya da lokacin jiran a gama aiki.

Na uku, a sake duba zanen sabuwar tashar. In dandamalin ba zai faɗaɗu ba saboda hanyar motoci, na fahimta, ni ma da ma'auni nake aiki. To a bar ɗan filin nan a buɗe, a sa benci mai wurin jingina baya da wurin dafa hannu, yana fuskantar inda tiram zai tsaya, yadda na zaune zai ga na ciki. Furannin a shuka su a gefe, ba mu ƙi furanni ba.

Na huɗu, nan gaba duk unguwar da za ku ja layi ta cikinta, ku aika mutum da ƙafarsa kafin ku aika na'urar ƙirga. Ku zauna da tsofaffi da mata a inda suka saba zama, da mai fassara in da bukata, ku kuma ba mutanen unguwar kujera a kwamitin tun ana zane da fensir. In kun ga jama'a suna wani abu da ba ku gane ba, ku tambaya kafin ku sa masa suna.

Na karanta wa Kawu abin da na rubuta zuwa nan, ban ɓoye komai ba, har maganar ƙarfen. Na zaci zai ce in yaga. Sai ya tambaye ni, “Ita wannan Madam ɗin, ta san gidan nan?” Na ce a'a. Ya ce, “To yaya za ki yi ta yi wa mutum faɗa a takarda, bai ko sha ruwan gidanku ba? Ki ce ta zo ran Lahadi.”

Saboda haka roƙo na ƙarshe ba nawa ba ne, nasa ne, kuma ba zan bar shi a takarda ba, zan tako ofishinki in maimaita shi da bakina yadda muke yi. Ki zo ki ci abinci. Ke ce baƙuwar farko da ya yarda a buɗe wa ƙofa tun da ya rufe ta. Ki bar motarki a gida, ki hau bas kamar kowa. Ki kuma sani, in kin tashi tafiya zai raka ki. Ni ban iya hana shi ba, Hajiya ba ta iya ba, ke ma kada ki gwada, don zai ɗauka kin raina shi. Zai taka da ke a hankali har bayan shataletale, kuma ba zai juyo ba sai ya ga ƙofar bas ta rufe a bayanki. Wannan nasa ne, zai yi shi ko ƙafar ta yarda ko ba ta yarda ba. Naki shi ne abin da zai iske a can in ya isa.

Allah ya yi miki jagora a wannan aiki, ya sa a gama lafiya, ya tsare masu haƙa da masu tuƙi da masu hawa. Allah ya raya miki zuriya. Allah ya ba ki tsawon rai har ki kai shekarun da za ki isa tasha ki waiga kina neman wurin zama, ya kuma sa ki samu.

Wassalam.

Taki cikin girmamawa,
Balkisa, 'yar ƙanwar Alhaji Isufu.